Darasi daga Soba ta Sudan: Kafin a tare a gida, a kira masanin famfo ya duba

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kan iyaka, tun daga Illela da Ƙonni har Jibiya da Ɗan Isa da Maigatari, ya san cewa ba ma yarda da cinikin biri a sama. Ba ma sayen buhun gero sai mun huda mun ga ƙwaya. Ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun duba haƙora. Idan mota ce kuwa, sai mun kira bakanikenmu ya kunna inji ya saurara, ya shiga ƙarƙashinta da tocila. Amma abin mamaki shi ne, idan aka zo batun gida, wanda ya fi duk waɗannan tsada, kuma a cikinsa za mu ajiye iyali mu tafi safara, sai mu tsaya ga kallon fenti da tayil da ƙofar ƙarfe. Da wuya ka ji ɗayanmu ya tambayi ta ina ruwa ke shigowa gidan, ta ina kuma ƙazanta ke fita.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne halin da 'yan uwanmu na ƙasar Sudan suka samu kansu a ciki sa'ad da suka fara komawa gidajensu a birnin Hartum, musamman yankin Soba, bayan yaƙi ya raba su da muhallansu kusan shekara biyu.

Wace ce Soba?

Kada mai karatu ya ɗauka Soba ta kusa da Zariya muke nufi. Wannan Soba tana bakin kogin Shuɗin Nilu ne, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da tsakiyar Hartum. Tsohon gari ne ƙwarai, domin ita ce hedikwatar daular Alwa ta Kiristocin Nuba, wadda ta rushe wajejen shekarar 1500. Har yau idan mutumin Sudan yana son kwatanta ɓarna mai tsanani yakan ce ta yi kama da rushewar Soba. Tarihi ya nuna cewa a ƙarni na 19 an riƙa kwasar jan bulo daga kangayenta ana gina sabon birnin Hartum.

A zamanin nan kuwa Soba ta zama wani ɓangare na babban birnin. A can babban asibitin koyarwa na Jami'ar Hartum yake, akwai gada da ta haɗa gaɓar kogin biyu, akwai masana'antu da ɗakunan ajiyar kaya. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne, a Soba akwai ɗaya daga cikin manyan matatun ruwan sha na birnin, kuma a yankin ne aka yi tafkunan tace ruwan ƙazanta da ke fitowa daga unguwannin Hartum masu magudanar gwamnati. Ke nan ruwan sha da ruwan masai duk suna da mahaɗa da wannan wuri.

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ta nan kakanninmu suka riƙa bi da ƙafa zuwa aikin Hajji, da yawansu kuma suka yada zango ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin wannan kogi na Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Zuriyarsu da ta sauran matafiya suna nan a Gadarif da Kasala da Madani da Damazin da Hartum da Umdurman, suna noma da su da kasuwanci. Ɗalibanmu ma da yawa a Hartum suka yi karatu, har zuwa 2023 da aka kwaso su ta Masar da Fot Sudan. Saboda haka abin da ya taɓa Hartum ya taɓa mu.

Yadda yaƙi ya kashe famfo

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdulfatah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo. Miliyoyin mutane suka fice daga Hartum, wasu da kayan jikinsu kawai. Sai a watan Maris na 2025 sojoji suka ƙwato tsakiyar birnin da kudancinsa. Daga nan jama'a suka fara komawa, wasu a motocin safa, wasu a jirgin ƙasa na kyauta daga Alƙahira zuwa Aswan sannan su ƙarasa da mota. Ya zuwa watan Oktoba na 2025, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya sun koma Hartum.

Abin da da yawansu suka tarar ba daɗin ji. An ɓalle ƙofofi da tagogi, an zare wayoyin lantarki daga bango saboda jan ƙarfen da ke ciki, an kwance injinan tura ruwa. Tankunan da ke kan rufi wasu harsashi ya huda su, wasu an sauke an tafi da su. Matatun ruwa kuma, irin na Bahari da Mugran da Soba, sun sha fama da ɓarna da rashin wuta da ƙarancin maganin tace ruwa.

Sakamakon haka bai daɗe ba ya bayyana. A watan Mayu na 2025, bayan jirage marasa matuƙa sun kai hari kan tashoshin lantarki a Umdurman, matatun ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗibar ruwa kai tsaye daga kogi da rijiyoyi, ko su saya wurin masu amalanken jaki da ake kira karo. Cutar kwalara ta kama kamar wutar daji. A ƙarshen watan, ma'aikatar lafiya ta Sudan ta ba da sanarwar cewa cikin mako guda mutum kimanin 2,700 sun kamu, 172 sun rasu, kuma kashi 90 cikin ɗari na masu cutar a Jihar Hartum suke. Bayan damina ta kankama sai zazzaɓin dengi ya biyo baya, wanda sauron da ke yaɗa shi ya fi son hayayyafa a ruwan da aka tara a ganga da tanki marar murfi a cikin gida.

Gyaran matata aikin hukuma ne. To amma ko matata ta tace ruwa ya fita tas, sai ya bi ta bututun gida kafin ya kai bakin yaro. A nan ne aikin mai gyaran famfo, wanda mutanen Sudan ke kira sabbak, ya zama batun rai da mutuwa.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa

Akwai abubuwa uku game da gidajen Hartum da duk wanda ya san Kano ko Maraɗi zai ga kamar labarin unguwarsu ake ba shi.

Na farko, ruwan famfo ba shi da ƙarfi, kuma yana zuwa ne yana ɗaukewa. Don haka kusan kowane mai hali yakan ɗaura inji a bakin layin gwamnati ya zuƙo ruwa ya tura tanki. Masana sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, idan akwai tsaga, ruwa ne zai fita waje. Amma da zarar an ɗauke ruwa, ko inji ya yi zuƙo, sai lamarin ya juya: tsagar nan ta riƙa shigo da duk abin da ke kewaye da ita. Idan bututun ya ratsa ta cikin kwata, ruwan kwata ne zai shiga tanki.

Na biyu, unguwanni kaɗan ne ke da magudanar ƙazanta ta gwamnati. Sauran gidaje suna dogara ne da masai ko kuma abin da suke kira saifon, wato ramin tara ƙazanta da aka haɗa da wata rijiya mai zurfi da ake haƙawa har a cim ma ruwan ƙasa. Idan aka tuna cewa wani kaso babba na ruwan shan birnin daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, za a gane haɗarin. Mu ma nan abin da muke yi ke nan da sokawe da rijiya a cikin fili ɗaya.

Na uku, ƙasar wurare da yawa a kudancin Hartum baƙar laka ce mai kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma tsattsage idan ta bushe. Wannan motsi yana karya mahaɗar bututu, yana kuma tsaga gini. Ƙaramin yoyo a gindin bango zai jiƙa lakar gefe guda, ta kumbura ta ɗaga harsashin gini, bango ya dare. Mai gida ya yi ta zagin magini, alhali laifin wani bututu ne da gyaransa bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba.

Ƙari a kan wannan, gidan da aka rufe shekara biyu yana da nasa ciwon. Ruwan da ya kwana a bututu maganin kulorin da ke cikinsa yakan tafi cikin 'yan kwanaki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Bututun ƙarfe ya yi tsatsa. Na roba da rana ta daka ya bushe ya yi gautsi. Robobin cikin kan famfo su ƙeƙashe. Ɗan ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututun bayan gida, wanda shi ke tare wari da kyankyasai da ɓeraye, shi ma ya ƙafe.

Yadda masani ke duba gida

Sau da yawa ba ma kiran mai gyaran famfo sai ruwa ya malale tsakar gida. Binciken da muke magana a kai daban yake: ana yin sa ne kafin a biya kuɗin gida, ko kafin a karɓi haya, ko kafin iyali su koma gidan da aka daɗe ba a zauna ba. Ga yadda mai sanin aikinsa yake bi.

Yana farawa ne daga waje, inda ruwa ke shigowa. Zai nemi makullin da ke tsayar da ruwan gidan baki ɗaya, ya gwada ko yana rufewa. Gidaje da yawa ba su da shi, wasu kuma an binne shi da siminti. Zai bi layin ya ga ko ya ratsa kwata, ya kuma duba ko akwai abin da ke hana ruwa komawa baya a kusa da inji.

Daga nan sai tanki. Zai hau ya buɗe, ya duba murfi da lakar da ta kwanta a ƙasa da gansakuka. Ba sabon abu ba ne a tarar da mushen ƙadangare ko tsuntsu a ciki. Idan akwai tankin ƙasa, zai duba tsaga da nisansa da masai. Tankin da ya daɗe a ajiye sai an zubar da ruwansa, an goge, an cika shi da ruwan kulorin mai ƙarfi, an bar shi ya ratsa dukkan bututai na wasu sa'o'i, sannan a zubar a ɗauraye. Wannan ruwan wankin ba na sha ba ne, ba kuma na dabbobi ba.

Sai gwajin yoyo. Mai kayan aiki yakan toshe dukkan bakuna, ya ɗura ruwa da ɗan famfon hannu mai agogo, ya jira ya ga ko allurar za ta sauka. Idan ta sauka, akwai inda ke zuba ko da ido bai gani ba. Akwai kuma gwajin da kowa zai iya yi ba da ko sisi ba: a cika tanki da daddare, a rufe kowane famfo, a sa alama da alli a daidai bakin ruwa, da asuba a duba. Inda akwai mita, sai a rubuta lambarta kafin a kwanta. Kada a raina ɗigo. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da sama da lita 20 a kwana guda, kusan jarka guda ke nan, a wata kuma kusan jarka 25. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ya san abin da wannan ke nufi a aljihu.

Bayan haka zai zaga ɗakuna yana duban gindin bango. Danshi, da fentin da ya kumbura, da farin gishiri da ke fitowa a jikin filasta, da tayil mai amo kamar ganga idan an ƙwanƙwasa, duk alamu ne. Idan ka ga mai sayar da gida ya yi sabon fenti a bango ɗaya tak, wanda ke jingine da banɗaki, to akwai abin tambaya.

Sannan ya koma kan ƙazanta. Zai zuba bokiti biyu ko uku a kowane bayan gida da makwarara ya ga saurin tafiyar ruwa, ya saurari ƙugi. Zai buɗe ƙananan ramukan duba layi, ya ga ko saiwar bishiya ta shiga, domin dogon yaro da muke shukawa don inuwa gwani ne wajen neman bututu. Zai duba cikar sokawe da lafiyar murfinsa, ya auna nisansa da rijiya. Ma'aikatan lafiya da na agaji sun fi ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiyar sha, rijiyar kuma ta kasance ta sama idan filin yana da gangare. A filayenmu na cikin gari da wuya a samu wannan nisa, kuma ko ka samu a gidanka, masan maƙwabci yana bayan katanga. Inda abin ya zama haka, ruwan rijiyar bai kamata a sha shi ba sai an tafasa ko an sa magani.

A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Kada kowa ya shiga ramin sokawe, kada kuma a tura yaro. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin ƙiftawar ido, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. A Hartum akwai wani haɗari kafin wannan ma: masu kwance nakiya sun yi ta gargaɗin masu komawa gida kada su taɓa baƙon ƙarfe da suka tarar a tsakar gida ko kan rufi.

Abu na ƙarshe shi ne gwada ruwan kansa. Haske da rashin wari ba shaidar tsabta ba ne, domin ƙwayar kwalara ido ba ya ganinta. Akwai ɗan abin gwaji mai arha da ke nuna sauran kulorin a ruwa ta hanyar canza launi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a bakin famfo, a lokacin annoba kuma 0.5. Ruwan rijiya ko burtsatse kuwa sai an kai ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya fito, a tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta.

Wa za a kira?

Ba duk mai sufana da gam ne masani ba. Shawararmu ita ce, kada ka yarda da wanda dillali ko mai gida ya kawo, domin dillali la'adarsa yake jira. Nemi naka, wanda ka ga aikinsa a gidan wani da ka sani. Ka biya shi kuɗin dubawa daban, kada ka haɗa da alƙawarin ba shi gyara, don kada ya ƙirƙiro ciwon da babu. Ka tsaya a wurin da kanka, ko ka sa ɗanka babba. Ka sa ya rubuta abin da ya gani, ko da da ajami ne, ya raba shi uku: abin da ba a tarewa sai an gyara, abin da zai iya jira, da ƙiyasin kuɗi. Wannan takarda makami ce a wurin ciniki, domin da ita za ka nemi ragi ko ka fasa. Idan haya ce, a rubuta tun farko wanda zai ɗauki nauyin yashe sokawe da gyaran inji, a gaban shaidu.

Alhakin da ke kanmu

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikinmu mu ne ke safarar bututu da tanki da kan famfo daga Kano da Anaca zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa. Mun san akwai bututun da aka yi don ɗaukar ruwa mai ƙarfi, akwai siririn da aka yi don ruwan wanke-wanke, akwai kuma na zura wayar lantarki. Sayar wa talaka siriri a matsayin mai kauri, alhali an san za a binne shi a bango, algus ne, ba shi da bambanci da zuba yashi a buhun gero. Haka nan gangar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari, da jarkar da ta ɗauki fetur, bai halatta a sayar da su don ajiye ruwan sha ba, komai wankin da aka yi musu.

Kada kuma mu ce wannan matsalar masu yaƙi ce. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, yawancinsu a jihohin Arewa, ta kuma tsallaka Nijar inda Jihar Maraɗi ta kasance cikin wuraren da suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya haɗe masai da rijiya da tanki wuri guda. Duk gidan da ambaliya ta shiga, hukuncinsa ɗaya da na gidan Soba da aka rufe shekara biyu: sai an duba kafin a sha ruwansa.

Mu kuma da sana'armu ta sa muke kulle gida wata biyu ko uku, ko muke da gidan saukar baƙi a wani gari, akwai ƙananan abubuwa da za su cece mu. Kafin tafiya a rufe babban makullin ruwa, a cire inji daga wuta, a ɗaure murfin tanki. Idan an dawo a buɗe dukkan famfuna su zuba na 'yan mintoci kafin a yi amfani da su, a zuba ruwa a kowace makwarara. A wanke tanki aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya kafin faɗuwar damina. A kuma nuna wa uwargida da manyan yara inda makullin ruwa yake, domin bututu ba ya jiran maigida ya dawo daga kasuwa kafin ya fashe.

Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani, ya kuma ce idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuɗin da za a ba masani ya yi wuni guda yana duba gida bai kai na kwana biyu a gadon asibiti ba, balle a yi maganar rai. Muna roƙon Allah Ya kawo wa mutanen Sudan ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, mu kuma Ya tsare mana iyalanmu, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.